Ina Ganin Kowa Ya Wuce Ni a Rayuwa, Shin Na Makara?

Tambaya: Shekarata 34. Cikin waɗanda muka gama makaranta tare, wani yana da 'ya'ya uku, wani ya gina gidansa, wani yana digiri na uku a ƙasar waje. Ni kuwa har yau rayuwar hannu baka hannu ƙwarya nake yi, ban yi aure ba, ƙarin karatun da na so yi ma ya tsaya saboda na shafe shekara huɗu ina jinyar mahaifina kafin Allah ya yi masa rasuwa. Na daina zuwa taron abokai don gudun tambayar “ina ake yanzu?” Da dare barci ya ƙi zuwa, sai lissafin shekaru. Kowa cewa yake in yi haƙuri, kowa da lokacinsa, amma maganar ba ta ratsa ni. Don Allah, na makara ne? In ban makara ba, yaya zan yi in daina jin an tafi an bar ni?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da ka yi. Da gangan na fara da wannan, domin shekara huɗun nan a rabin jimla ka ambace su ka wuce, kamar wani shinge ne da ya tare maka hanya. Zan dawo kansu.

Ban yi mamaki ba da ka ce “kowa da lokacinsa” ba ta ratsa ka. Maganar gaskiya ce, sai dai yawanci ana faɗinta ne don a rufe zance, kuma galibi mai faɗin shi nasa lokacin ya riga ya zo. Na daɗe ina zama da masu irin damuwarka a ɗakin ba da shawara, abin da na lura shi ne haƙurin da aka ba mutum ba tare da an warware masa lissafin da yake yi a zuci ba, ba ya kai shi ko asuba. Don haka lissafin za mu zauna mu duba.

Da ka ce an tafi an bar ka, su wa suka tafi? Mutum uku ka lissafa mini: mai 'ya'ya, mai gida, mai digiri. Abin da zuciya take yi da dare shi ne ta ɗauko auren wannan, ta haɗa da gidan wancan, ta ɗora karatun na ukun, ta ɗinke su ta yi mutum guda, sannan ta tsayar da kai kusa da shi ta ce ku gwada tsawo. Wannan mutumin ba ya cikin ajinku, kuma da wuya a same shi a kowane aji. Mai digirin yana iya kasancewa a ɗan ɗakin haya yana kallon hoton gidan abokinku yana jin abin da kake ji. Mai gidan yana iya kasancewa bashi ne ya hana shi runtsawa. Ban ce lallai haka ne ba, kuma ba na son ka nemi sanyi a cikin wahalar da kake zaton wani yana sha. Abin da nake nufi shi ne labarinka gaba ɗayansa kake riƙe da shi, har da wanda ba ka taɓa gaya wa kowa ba, nasu kuwa kanun labarai kawai suka iso gare ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sannan ku nawa ne a ajin? In ku arba'in ne, ina sauran talatin da shida? Waɗanda abubuwa ba su tafi musu daidai ba sun janye jiki kamar yadda ka janye, ba sa zuwa taro, ba sa saka hoto, don haka sun fita daga lissafinka. A 1991 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Scott Feld, ya nuna da lissafi cewa yawancin mutane, in aka ɗauki matsakaici, abokansu sun fi su yawan abokai. Dalilin mai sauƙi ne: mai jama'a yana fitowa a jerin abokan mutane da yawa, wanda ba shi da jama'a kuwa jerin mutum biyu ko uku kawai yake shiga. Haka labarin nasara yake yaɗuwa. Wanda ya samu, labarinsa zai iso ka ta baki goma, wanda ya rasa kuwa ba mai kawo maka nasa.

Kada ka ɗauki wannan aune-aunen a matsayin hassada ko raunin imani. A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya yi wani bayani da har yau ake koyar da shi: idan mutum ba shi da ma'aunin da zai san matsayinsa, da mutane yake auna kansa, kuma ya fi zaɓen waɗanda suka yi kama da shi. Tsawonka akwai abin auna shi, zafin jikinka ma haka, amma tambayar “yaya rayuwata take tafiya?” ba ta da sikeli, dole ka waiga gefe. Shi ya sa dukiyar attajirin da kake jin sunansa a rediyo ba ta hana ka barci, amma motar wanda kuka zauna benci ɗaya, wanda ma kai kake koya wa lissafi, ta hana. Kuma wanda ka zaɓa ka auna kanka da shi yana iya juya maka murna ta koma takaici alhali ba abin da ya canza. Bayan gasar Olamfik ta 1992 a birnin Barcelona, Victoria Medvec da abokan aikinta sun sa mutane sun duba fuskokin 'yan wasa a bidiyo. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna waɗanda suka zo na uku sun fi waɗanda suka zo na biyu nuna farin ciki. Na biyu yana hangen zinaren da ya suɓuce masa, na uku yana kallon na huɗu da ya koma gida hannu rabbana.

Yanzu mu zo kan kalmar “makara”. Ba a makara sai da lokacin da aka tsayar, to wa ya tsayar da naka? Wata masaniya a Jami'ar Chicago, Bernice Neugarten, ta kira abin da agogon al'umma: kowace al'umma tana da jadawalin da ba a rubuta ba, na shekarun da ake sa ran mutum ya gama karatu, ya kama aiki, ya yi aure, ya haihu, kuma mutane suna jin kansu “a kan lokaci” ko “a makare” gwargwadon wannan jadawali. Abin lura shi ne agogon ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ƙarshen shekarun 1950 an tambayi Amurkawa masu matsakaicin hali shekarun da suka fi dacewa namiji ya yi aure, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari suka ce tsakanin 20 da 25. Da aka maimaita tambayar bayan kimanin shekara ashirin, waɗanda suka yarda da haka ba su kai rabi ba. Jikin ɗan Adam bai canza a shekara ashirin ba, yanayin karatu da aiki da kafa gida ne suka canza, agogon ya biyo su a baya. A baya kuwa yake biyowa kullum. Jadawalin da ke cikin kanka mai yiwuwa mutanen da suka kafa gidajensu a wani zamani, da wani tattalin arziki, su suka saita shi.

Akwai misalin da nakan ba iyaye, kuma ina ganin zai yi maka amfani. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin yara sama da 800 a ƙasashe biyar, wato Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, don a ga lokacin da yaro lafiyayye yake fara tafiya shi kaɗai. Tazarar da aka samu ta kama daga wata 8 zuwa kusan wata 18. Yaro ɗaya yana iya ninka wani daɗewa kafin ya taka ƙasa, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. In tafiya, wadda halitta ce tsagwaronta, tana da faɗi haka, ina ga aure da aiki da gida, waɗanda suka rataya a kan lafiya da kuɗi da iyaye da ƙasar da aka haife ka da shekarar da ka fito neman aiki?

Amma ba zan yaudare ka in ce babu abin da ke da wa'adi ba. Masu cewa “shekaru lamba ce kawai” suna cutar da mutane. Haihuwa tana da lokaci, musamman ga mata, domin damar ɗaukar ciki tana raguwa a hankali tun farkon shekaru talatin, raguwar ta ƙara sauri bayan 35. Ta maza ma tana raguwa, sai dai sannu-sannu. Wasu ayyuka da wasu guraben tallafin karatu suna da iyakar shekaru. Ajiyar da aka fara da wuri ta fi wadda aka fara a makare tara wa mutum abin tsufa. Lafiyar jiki in aka yi sakaci da ita ba kullum take dawowa ba. Iyaye kuma ba sa jira, wannan ka fi ni sani. Aikin da nake so ka yi, da takarda da biro, shi ne ka rubuta duk abin da kake jin ka makara a kansa, ka tambayi kowanne ɗaya: wannan in na ƙara shekara uku ƙofarsa rufewa za ta yi, ko kuwa surutun mutane ne kawai zai ƙaru? Yawancin waɗanda na sa su yi wannan suna tarar da abu ɗaya ko biyu ne masu wa'adi na haƙiƙa, sauran duka kunya ce ta sa musu agogo. A naka jerin, gina gida ba shi da ranar rufewa. Digiri ma haka. Aure ga namiji mai shekara 34 ƙofarsa a buɗe take, ko da yake in kana son ka ga girman 'ya'yanka da ƙarfinka, ya cancanci ya hau sama a jerin.

To, mu dawo kan shekara huɗun nan. Abu biyu zan gaya maka, kuma ba sa karo da juna. Na farko, ka yi asara ta gaske. Abokanka suna tara ƙwarewa da albashi da sanayya a lokacin da kake zaune a gefen gado, kuma irin wannan ribar haihuwa take yi: wanda ya samu kaɗan da wuri, kaɗan ɗin yakan jawo masa ƙari. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi rubutu kan haka tun 1968, inda ya nuna yadda a fagen kimiyya wanda ya riga ya yi suna yake ƙara samun yabo da dama fiye da takwaransa da ba a sani ba, ko da aikinsu ɗaya. Don haka ba mafarki kake yi ba, akwai tazara. Kana da damar ka ji zafinta, har ka yi kukan rayuwar da ka tsara a shekara 25 wadda ba ta zo ba. Mutane da yawa da suke zuwa mini da “na makara”, in aka tona, makoki ne ba su yi ba, na wani da suka rasa ko na wani buri da ya mutu ba a yi masa jana'iza ba. Kai kuwa biyun ne suka haɗe maka.

Na biyu, shekarun nan ba fanko ba ne. Ka tayar da mara lafiya, ka kwantar, ka bi layin asibiti, ka riƙe lokutan magani, ka haɗiye fushin mai jin ciwo, ka kwana a zaune, har ka raka mahaifinka ƙarshen tafiyarsa ba ka gudu ba. Wannan aiki ne, kuma yana cikin mafiya nauyin da ɗan Adam yake ɗauka. Matsalarsa ɗaya, ba a ba da takardar shaida a kansa, kuma ba a ɗaukar hotonsa. Ma'aunin da kake amfani da shi ba ya karanta komai sai abin da ake iya nunawa, shi ya sa ya ba ka sifili a shekarun da wataƙila su ne mafi daraja a rayuwarka zuwa yanzu. Ka tambayi kanka da gaskiya: da za a mayar da kai farkon jinyar, a ce ga digiri ga mahaifinka, wanne za ka ɗauka? In amsar ita ce abin da ka riga ka yi, to abin da kake kira makara kuɗin wani zaɓi ne da har yau ka yarda da shi.

A irin wannan gaɓa ne ake kawo labarin mashahuran da suka yi nasara da tsufa. Akwai su. Katalin Karikó, masaniyar kimiyya 'yar asalin Hungary, an rage mata matsayi a wurin aiki a 1995 saboda bincikenta bai samu masu ɗaukar nauyi ba, kuma binciken ne daga baya ya zama tushen wasu alluran rigakafin korona, ta karɓi kyautar Nobel a 2023 tana da shekara 68. Kimani Maruge na Kenya ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, bayan gwamnati ta mayar da karatun firamare kyauta. Labarai ne masu daɗi, amma ba na son jingina da su sosai, domin a ɓoye suna cewa jinkirinka zai halatta ne kawai in ka zo ka fi kowa daga baya. Wannan tseren ne dai aka ɗaga ranarsa. Na fi son alƙaluman talakawan mutane. Masanin tattalin arziki Pierre Azoulay da abokan aikinsa sun duba bayanan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka, suka tarar matsakaicin shekarun mai kafa kamfani kusan 42 ne, na waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa kuwa 45. Kan batun karatu kuma, Joshua Hartshorne da Laura Germine sun gwada kusan mutum 50,000, suka fitar da sakamako a 2015: saurin sarrafa bayanai yana kai ƙololuwa wajen shekara 18 zuwa 19, amma iya karanta yanayin mutane yana kaiwa ne a shekaru arba'in da hamsin, yawan kalmomin da mutum ya sani kuwa yana ci gaba da ƙaruwa har bayan sittin. Ɗan shekara 34 da ya koma aji zai ga yara sun fi shi saurin hadda, shi kuma ya fi su sanin abin da ya kawo shi.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne abin da jin makarar yake yi maka yanzu, domin shi ne yake cin lokacin da kake kukan ya ƙare. Yana ci ta hanyar saƙa da warwarar dare. Masaniyar halayyar ɗan Adam Susan Nolen-Hoeksema ta shafe shekaru tun farkon 1990 tana nazarin wannan ɗabi'a ta juya damuwa a zuci, ta nuna tana tsawaita baƙin ciki kuma tana raunana iya warware matsala. Mai yin ta ji yake kamar yana neman mafita, alhali tambayoyin da yake yi, “me ya sa ni?”, “ina ma da”, ba su da amsar da za a tashi da safe a aikata. Yana kuma ci ta hanyar gaggawa. Na ga wanda ya auri wadda bai sani ba don kawai a daina tambayarsa, na ga wanda ya ci bashi ya sayi abin da zai nuna a taro, na ga wanda ya kwashe 'yar ajiyarsa ya kai wa masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda saboda yana son ya cike tazarar shekara biyar a dare ɗaya. 'Yan damfara sun san mai jin an bar shi a baya, shi suke nema. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya mayar da mai shi baya fiye da inda yake tun farko.

Hanya ta uku ita ce wadda ka riga ka shiga, wato ɓuya. Ka daina zuwa taro don kada a tambaye ka. Na fahimta, amma ka duba abin da kake biya. Aiki, labarin gurbin karatu, har matar aure, yawanci ta hannun mutane suke zuwa, kai kuma ka rufe ƙofar da za su shigo. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufansu, babban abin da ya fito da shi shi ne kyawun dangantaka da mutane ya fi dukiya da shahara wajen hasashen wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar rai. Kuma idon da kake ji a kanka bai kai yadda kake zato ba. A wani gwaji da Thomas Gilovich ya fitar a 2000, an sa ɗalibai sun sanya riga mai hoton da suke jin kunyarsa sun shiga ɗaki cike da 'yan'uwansu. Sun yi zaton kusan rabin ɗakin sun lura, ashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Mai tambayarka “ina ake yanzu?” sau da yawa gaisuwa ce yake yi, kafin ka gama amsawa hankalinsa ya koma kan nasa lissafin.

To mene ne yarda da takunka? Wasu suna jin tsoron kalmar, suna ganin in suka yarda sun miƙa wuya ke nan. A wurina ma'anarta ita ce ka daina gardama da inda kake tsaye, domin daga nan ɗin ne kaɗai za ka iya ɗaga ƙafa. Mai cewa “ai da yanzu ina wuri kaza” yana tsara tafiya ne daga tashar da ba ya cikinta. Mai cewa “shekarata 34, ga abin da nake samu, ga abin da na iya, ga nauyin da ke kaina” shi ne zai iya fitar da shirin da zai yi aiki. Bambancin mai yarda da takunsa da malalaci kuwa a bayyane yake: na farko in ka dawo bayan wata shida za ka tarar ya matsa, ko da taku uku ne.

Kafin ka matsa, ka tace burin. Kowane abu a jerinka ka yi masa wannan tambaya: da a ce ba wanda zai taɓa sanin na samu, zan so shi har yanzu? Wasu za su tsira, wasu za su zube. Mai yiwuwa ka tarar digiri na uku ba ka taɓa sha'awarsa ba sai da abokinka ya fara, amma iyali kana so har cikin ranka. Ko akasin haka. Abin da ya tsira, ɗauki guda ɗaya tak, ka farfasa shi har ya zama aikin da ke da rana da sa'a. “Zan koma karatu” buri ne, ba ya motsa kowa. “Ranar Talata bayan an tashi aiki zan nemo sharuɗɗan shiga makarantu uku masu karatun ƙarshen mako, in rubuta kuɗinsu da ranar rufe karɓar takardu” aiki ne, ana iya yin sa a gama. Sannan ka canza abokin awo. Duk ƙarshen wata ka rubuta abin da ka iya ko ka mallaka ko ka gyara wanda babu shi a watan da ya wuce. Da farko zai yi maka kama da wasan yara, amma bayan shekara takardar za ta zama hujjar da za ka nuna wa zuciyarka in ta tashi ƙaryata ka da dare.

Daren kansa yana son dabara. Ka ware minti goma sha biyar da yamma, ka zauna ka rubuta damuwar da abin da za a iya yi a kanta. In ta zo da tsakar dare, ka ce mata an riga an rubuta, sai gobe. In ka yi kamar minti ashirin a kwance barci bai zo ba, tashi ka zauna wani wuri ka yi abu mai sanyi, karatu ko zikiri ko addu'a, sai ka ji barci ka koma, don kada ƙwaƙwalwa ta saba cewa gado wurin lissafi ne. Waya kuma ta kwana nesa da kai. A 2018 an yi gwaji da ɗalibai 143 a Jami'ar Pennsylvania, aka taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har mako uku, aka ga kaɗaici da alamun damuwa sun ragu a cikinsu in aka kwatanta da sauran. Ba sai ka rufe shafukanka ba, amma wanda duk ka ga hotonsa sai ranka ya ɓaci, ka ɓoye shi na wani lokaci, ba gaba ba ce. In kai Musulmi ne ka san hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa a dubi wanda yake ƙasa, kada a dubi wanda yake sama, don kada a raina ni'imar Allah. Malamai sun yi bayanin cewa a sha'anin duniya ake nufi. Ka lura hadisin bai ce a daina dubawa ba, alkiblar duban ya juya.

Akwai iyakar da shawara irin wannan take tsayawa. In ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, cin abinci ko barci ya rikice, kana jin ba ka da amfani, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, to abin ya wuce kwatanta kai da abokai, alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Masu doguwar jinya da waɗanda aka yi wa rasuwa suna cikin waɗanda ya fi kamawa, kai kuma ka bi ta duka biyun. Ka ga likita, ka gaya masa yadda ka gaya mini. In tunanin cutar da kanka ya zo, kada ka jira mako biyun, ka gaya wa wani na kusa a ranar, ku tafi asibiti tare.

Taro na gaba da aka kira, ina so ka je. Ka shirya amsarka tun daga gida, gajeriya, ba kare kai ba ƙarya: “Ina nan ina aiki a wuri kaza. Na tsaya jinyar Baba na wasu shekaru, yanzu ina shirin komawa karatu. Kai fa, ya yara?” Ka faɗe ta da ƙarfi sau biyu ko uku kafin ka fita, don kada muryarka ta rawa. Ba sai ka daɗe ba, awa ɗaya ta isa a karon farko. In ka shiga, ka duba gefe, za ka ga wani da ya zauna shiru yana latsa waya, ba ya shiga hirar gidaje da motoci. Je ka zauna kusa da shi ka tambaye shi bayan rabuwa.